Hayar allo a Lighthouse: ruwan ya biya ni, amma maɗaurin ƙafa ya kusa halaka ni

Shekara shida ke nan ina hawan igiyar ruwa a kan allo (surfing) a Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, tun muna zaune a Obalende, amma ban taɓa tsallaka katangar duwatsun nan na shiga ruwan Lighthouse, gaɓar da ke bayanta mai hasumiyar fitilar jirage, ba sai daminar bana. Kowa na tambaya amsarsa ɗaya ce, kada ka je kai kaɗai. Shi ya sa na nemi mutumin da na saba karɓar hayar allo a wurinsa, muka shirya zai ba ni gajeren allo, ya kuma haɗa ni da ɗan jagora wanda zai shiga ruwa tare da ni. Kuɗin kun san yadda ya koma yanzu. Na biya, ban ko nemi ragi ba.

Ranar Asabar ni da ƙanena muka kama jirgin ruwa a tashar CMS da sassafe, don kafin rana ta yi tsaka iskar teku takan taso ta dagula ruwan. Daga inda jirgi ya sauke mu muka taka da ƙafa har bayan katangar. Gaskiya abin da na gani ya wuce yadda ake ba ni labari. A cikin Tarkwa katangun da Turawa suka gina sama da shekara 100 don buɗe wa jirage hanyar shiga tashar Legas su ne ke tare ƙarfin ruwan, igiya ta bugi dutse ta dawo ta haɗu da ta bayanta, sai ta tashi wuri ɗaya, ka san inda za ka jira ta. Lighthouse babu wannan gata. Ta fuskanci Atlantika kai tsaye, ƙasan kuma yashi ne zalla da ke sauya zama, inda igiya ta fashe jiya ba nan za ta fashe yau ba. A watannin damina kuwa ruwan na zuwa ne daga guguwar can kudancin tekun, ya yi tafiya mai nisa, saboda haka yana isowa da nauyi. Igiya ta tashi tsaye, ta naɗe, ta faɗi a kan ruwan da bai kai ƙirji ba. Idan ka yi jinkirin miƙewa ko da ƙiftawar ido, yashi za ka ci.

Igiya uku na hau a awar farko. Ta biyun, wallahi har yau idan na rufe ido ina ganinta: ta rufe kaina, na ga haske ta bakinta kamar ƙofar zaure, na fita a tsaye. A nan na ce a raina ko ninki biyu mutumin nan ya caje ni ya ci halal.

To, sai ta huɗu. Ta fi sauran girma, ta kuma rufe gaba ɗaya, ba mafita. Na nutse, ta murɗa ni, na ji ƙafata ta yi wani irin sakayau. Maɗaurin da ke haɗa ƙafa da allo ya tsinke. Ko da na ɗago, allon ya yi gaɓa abinsa, ni kuma ina tsakiyar mashigar da ruwa ke komawa teku. Wanda bai taɓa shiga irin wannan jan ruwan ba ba zai gane ba. Kana iyo da iya ƙarfinka, amma hasumiyar fitilar nan sai ƙara ƙanƙancewa take a idonka. Na san ƙa'ida, ba a kokawa da shi, gefe ake yi a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinsa. Na yi hakan, sai dai duk na matsa gefe sai wata igiyar ta danne ni, na sha ruwan gishiri har ƙirjina ya fara zafi. Na ɗaga hannu ina neman ɗan jagoran da na biya. Babu shi. Ƙanena ya gaya mini daga baya cewa tun bayan igiyata ta biyu ya fita ya zauna a inuwa yana danna waya. Shi ƙanen nawa bai iya ruwa ba, sai gudu yake a bakin gaɓa yana ihu, "Yaya! Yaya!"

Wani yaro ne ya cece ni, ɗan wurin, bai wuce shekara 14 ba, a kan wani tsohon allo da aka lilliƙe. Ya iso ya tura mini shi, ya ce in riƙe, shi kuma ya kama bayan yana bugun ruwa har muka samu farin kumfa ya turo mu. Yaran nan su ne ainihin masu ruwan. Ko da aka tashi mazauna Tarkwa a Janairun 2020, ruwan bai rabu da su ba. Na ba shi abin da ke aljihun ƙanena duka, kuma har gobe ina ganin bai kai ba.

Da na samu numfashi na duba maɗaurin. Ba a tsakiya ya tsinke ba, a gindinsa ne, inda robar ta riga ta tsattsage saboda rana da gishiri, an naɗe wurin da baƙin salatif. Ke nan an san da lalurar, aka rufe ta, aka miƙa wa mutumin da aka san Lighthouse zai shiga. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai, ya ma fi zaman ɗan jagoran. Na kai wa mai allon, ina zaton zai ce sannu. Abin da ya fara dubawa hancin allon ne, wai ya ɗan fashe, in biya gyara. Wani dattijo mai tsire da ke gefe, mutumin Sakkwato, shi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, bar shi, tunda Allah ya fito da kai." Na ce, "Baba, ba kuɗin ba ne, gobe wani zai ba." Ban biya ba, shi ma bai mayar mini da na jagora ba.

Ba zan ɓoye alherinsa na baya ba. Shekarun nan duka allunansa ba su taɓa ba ni matsala a cikin Tarkwa ba, akwai ranar da ya bar ni na hau bashi. Mai koyo da zai tsaya a ruwan ciki zai iya karɓa a wurinsa. Amma ina rubuta wannan ina tuna salatif ɗin nan, sai in ji ko wannan shaidar ba na son bayarwa, don mai koyon ma irin wannan maɗaurin za a ɗaura masa a ƙafa.

Lighthouse kam zan koma kafin damina ta wuce. Na riga na sayi maɗaurina sabo, mai kauri, na kuma yi magana da yaron nan shi zai shiga da ni.