Ƙafar tattara da rafla: abin da na gani bayan wata bakwai ina aiki da su

Shekara tara ina ɗinka wa yara mata riguna, kuma kafin bana duk tattarar da na yi da hannu na ja ta. Sai in yi layi biyu na dogon ɗinki, in kama zaren ƙasa ina ja ina rarraba tattarar da farce. Duk wanda ya taɓa yi ya san takaicin zare ya tsinke ana gab da ƙarshe. Ranar da aka kawo mini riguna shida iri ɗaya, kowacce siket ɗinta hawa uku, na san hannuna ba zai ɗauka ba. Na sayi abu biyu lokaci guda: ƙaramar ƙafar tattara, da babbar nan da ake kira rafla.

Ƙaramar ba ta da wani sarƙaƙiya. Ka cire ƙafar da ke danne yadi, ka ɗaura ta, shi ke nan. Ƙarƙashinta an yi shi ne yadda yadin ba zai wuce sumul ba, sai ya ɗan taru kafin allura ta sauka. Yawan tattarar kuma yana hannun abu biyu: tsawon ɗinki da tsaurin zaren sama. A kekena nakan kai tsawon 4 ko 5, tsaurin kuma wajen 7. A shifon da auduga mara nauyi tana fitar da tattara mai laushi, irin wadda ke zubowa da kyau a hannun riga. Amma da yadi ya yi kauri sai ta gaza. Na gwada ta a yadin labule, da kyar ya ɗan yamutse. Tana da tsaga a tsakiya inda za a zura yadi na biyu, na ƙasa ya tattaru, na sama ya tafi a miƙe, a haɗe su da ɗinki ɗaya. Gaskiya wannan bai gamsar da ni ba, domin da na ɗan riƙe na ƙasan da ƙarfi sai wani wuri ya cika, wani ya yi sako-sako.

Rafla kuwa, ganinta kaɗai ya sa na bar ta cikin kwalinta har mako biyu. Ƙarfe ne kan ƙarfe. Daga baya na fahimci tsohuwar dabara ce, tun zamanin baƙaƙen kekunan Singer ana samun irinta a akwatin kayan keke, kuma siffarta ba ta canja sosai ba. Tana da hannu mai baki biyu da ake saƙalawa a sukurun da ke riƙe allura. Duk hawa da saukar allura sai ya motsa wani siririn ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya tunkuɗa yadin ya ninke shi ƙarƙashin allura. A samanta akwai lambobi: 1 na nufin ninki a kowane ɗinki, 6 bayan ɗinki shida, 12 bayan sha biyu, alamar tauraro kuma ɗinki ne miƙaƙƙe ba ninki. Akwai kuma sukurun da ke ƙara ko rage zurfin ninkin.

Abin da ya rikita ni da farko, kuma ina so masu saye su sani: a ƙaramar ƙafa dogon ɗinki ne ke ƙara tattara, a rafla kuwa gajeren ɗinki ne, saboda ninkin yana matsowa kusa da juna. Na ɓata ƙyalle da yawa kafin na gane haka.

Allura biyu na karya a ranar farko, domin ramin da allura ke bi ƙarami ne kuma ban ɗaure sukurun sosai ba. Yanzu ba na taka keke sai na juya wili da hannu sau uku ko huɗu na ga allurar ta wuce lafiya. Ba ta son ɗinkin baya, ba ta son gudu, kuma idan za a zare yadi kada a jawo shi ta gaba, haƙoran za su kama shi su yage. Tana da ƙara sosai. Ɗigon man keke a gaɓoɓinta yana rage ta. Kafin a saya kuma a duba tsayin sandar ƙafar keken, domin akwai gajera akwai doguwa, kuma raflar wannan ba ta hawa wancan.

Amma da ta zauna daidai, wallahi aikinta abin sha'awa ne. Hawa 18 na rigunan nan na gama tattara su a yini ɗaya, kowane ninki kamar ɗan'uwansa. A lamba 6 da 12 tana ba da ƙananan filitin masu tsafta da ba zan iya jerawa da hannu ba.

Inda dukkansu biyu suka kasa shi ne awo. Ba mai ce musu su mayar da inci 50 ya zama 24 cif. Dabarata ita ce in yanki inci 20 na yadin da zan yi aiki da shi, in tattara, in auna da tef. Idan ya dawo 10, na san ninki biyu nake bukata, sai in rubuta lambobin a littafina, in yanka da ɗan rara, in datse abin da ya saura. Don gezar siket, bakin labule da rigar filo, wannan ya isa. Ƙugun riga kuwa, inda dole gefe ya haɗu da gefe, tsakiya ta faɗa tsakiya, har gobe layi biyu nake yi in ja zarena da hannu.