Ɗakin mata ya burge ni, amma imajansi sai addu'a

Masu tambayata yadda asibitin gwamnatin da muka yi jinyar Hajiyarmu yake, gaskiya ya danganta da ɗakin da aka kwantar da kai. Suna kam ba zan kira ba.

Ta imajansi muka shiga kuma wallahi ban ji daɗi ba. Ruwan da aka ɗaura mata ya ƙare har jini ya fara bin robar, na ruga na kira wata nas ta ce min ba gadonta ba ne in jira mai shi, shi kuwa shugaban sashen ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Ba na ɗora musu laifin duka, nas biyu ne kan marasa lafiya har a ƙasa, kuma Ministan Lafiya na Najeriya Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, waɗanda suka rage a gajiye suke.

Amma da aka mai da mu ɗakin mata sai na ga wani abu daban, alhali albashin ɗaya ne, rashin wutar ma ɗaya. Dalili kuwa matiron ɗin ce, wato shugabar nas-nas na ɗakin. Kafin ƙarfe takwas ta iso, gado-gado take bi da masu dutin dare da na safe, fayil a hannu, waye ya sha magani, wa aka auna wa hawan jini, sai an gaya mata. In nas ta yi kuskure ba ta kunyata ta gaban masu jinya, ofis take jan ta. Ran da yaron wata sista ya kwanta rashin lafiya ita da kanta ta karɓi dutin daren ta ce je ki gida. Mai shara ma sai ta tsaya ta ce sannu da aiki Baba, ya ƙafar? To ta ya wanda ake yi wa haka zai bar majinyaci cikin ƙazanta? Ko sau ɗaya ban bi kowa ina roƙon a zo a yi wa Hajiya allura ba, Allah Ya saka wa matar nan da alheri.

In za ku je ku riƙe fitila mai caji da safar hannu da auduga, yawancin magani kuma a kemis ɗin waje za ku saya, ku tanadi kuɗi.