Ƙurar zarton ado: wane injin zuƙa ya dace ka saya a Yamai?

Duk wanda ya zauna gaban zarton ado na awa biyu ya san abin da yake gani idan ya fyace hanci da yamma. Zarton ado nake kiran ɗan injin nan na kan tebur mai siririn ƙarfe, tsawonsa kamar santimita 13, yana hawa yana sauka, wanda muke yanka haruffa da shi, da allon sunan gida, da maratayin makulli, da kayan wasan yara. Idan ka je shago nemansa, sunan Faransanci za su gane, scie à chantourner. Ba shi da ƙara sosai, ba ya watsa ɓarɓashi ko'ina, shi ya sa mutane ke raina ƙurarsa, har wani ya girka shi a ɗakin da yara ke kwana. Ni kuwa ƙurarsa ta fi ba ni tsoro a kan ta babban zarto. Haƙoransa ƙanana ne, garin da suke fitarwa lallausa ne kamar na alkama, kuma hancinka bai wuce taƙi biyu daga wurin yankan ba tun fara aiki har tashi.

Maganar ba ta atishawa kaɗai ba ce. Tun shekarar 1995 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, musamman a cikin hanci da kogunan da ke bayansa. A Faransa doka ba ta yarda ƙurar katako a wurin aiki ta wuce miligiram 1 a kowace mita kubik ta iska ba, a tsawon aikin awa 8. Farin katakon nan mai sauƙin yanka da ake kawo mana daga ƙasashen bakin teku, wanda ake kira samba a Kodebuwa, wawa a Gana, obece a Najeriya, an san shi da tayar da asma ga kafintoci. Iroko ma haka, har da ƙaiƙayin fata. Allon MDF kuwa garin katako ne aka dama da gam mai sinadarin fomaldehayid aka matse, idan ka yanka shi, gari yake komawa. Mu da muke shaƙar ƙurar hunturu wata uku ko huɗu a shekara, huhunmu yana da aikin da ya ishe shi.

Kafin ka fitar da ko dala, ka lura da inda ƙurar take bi. Haƙoran zarton ƙasa suke kallo, yanka yana faruwa ne lokacin da ƙarfen ke sauka, saboda haka mafi yawan garin ta ramin tebur yake zubowa ƙasa. Sauran yana tasowa sama ya kwanta kan layin zanenka. Masu ƙera injin sun sa masa ɗan zugazugi da ɗan tiyo mai lanƙwasa yana hura wannan garin don ka ga layi. Yana kawar da shi daga kan katako, gaskiya ne, amma cikin iskar da kake shaƙa yake tura shi. Ke nan baki biyu kake bukata masu zuƙa, ɗaya a ƙarƙashin tebur, ɗaya a sama dab da ƙarfen. Duk injin da za ka saya, da wannan za ka auna shi.

Abu na farko da ido ke so shi ne babban injin tara ƙura mai buhu biyu, irin na manyan wuraren kafinta. Kar ka saya don zarton ado. An yi shi ne don ya ja iska mai yawa ta faffaɗan tiyo na milimita 100, ya kwashe aski da ɓarɓashin injin goge katako. Ƙarfin tsotsarsa kaɗan ne. Da zarar ka matse bakinsa ya koma milimita 35, wanda shi ne faɗin mafitar ƙura a yawancin zartunan ado, sai numfashinsa ya ɗauke. Buhun ƙyallen da yake zuwa da shi kuma sau da yawa abin da ya kai mikron 30 yake tsarewa (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali ƙurar da ke shiga can cikin huhu ba ta kai mikron 10 ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai idan kana da injin goge katako ko babban zarton tebur a gefe, to wannan wata magana ce.

Na biyu shi ne aspirater, wato injin zuƙar ƙura, na share ɗaki, wanda ake samu da araha cikin kayan gwanjo. Da shi na fara. Ya yi mini sati uku, a na huɗu cikin zafin watan Afrilu na ji ƙaurin roba, ya yi shiru, bai ƙara tashi ba. Dalilin a fili yake da na kai wa mai gyara: irin wannan injin da iskar da ya zuƙa yake sanyaya kansa. Lallausan gari ya toshe matata, iska ta ragu, shi kuma an yi shi ne don sharar minti 20, ba aikin awa uku a garin da zafi ke wuce digiri 40 ba. Idan kana da shi a gida kuma yankanka na rabin awa ne jefi-jefi, zai taimaka. Amma ba abin da za ka je ka saya musamman ba ne.

Wanda nake ba da shawara shi ne aspirater na wurin aiki, mai gangar ƙarfe ko roba a kan tayoyi, wanda ke zuƙar ruwa da ƙura. Shi ƙarfin tsotsa gare shi, siririn tiyo ba ya kashe shi, kuma da yake an yi shi don ruwa, yawanci iskar sanyaya injinsa daban take da iskar datti. A nan ne ya kamata ka zauna ka yi tambayoyi, don a waje duk kama suke da juna.

Fara da matata, kafin girman ganga ko yawan wat. Na Turai masu kyau suna da harafi a jiki: L, M ko H. Mai L yana tsare kashi 99 cikin 100 na ƙura, mai M kashi 99.9, mai H kashi 99.995. Don ƙurar katako M ake nema. Bambancin L da M a ido kamar ba komai, amma ka lissafa: abin da ke kuɓuce wa L ya ninka na M sau goma, kuma wanda ke kuɓucewar shi ne mafi laushi. Masu harafin M suna da tsada. Idan aljihu bai kai ba, nemi wanda ke karɓar matata mai naɗe-naɗe kamar ta iskar mota, ka haɗa masa da jakar ciki ta zare, ba soso kaɗai ba. Mai soso kaɗai na ruwa ne, gari ta baya yake fesowa. Sannan ka tambayi mai shago, "Alhaji, matatar canji fa, akwai?" Idan ya ce za a kawo, ka ce ya nuna maka wadda ke hannu, ka saye biyu tare da injin. Injin da babu matatarsa a gari, bayan wata shida ya zama bokiti mai taya.

Sai wuta. Zarton ado kansa bai cika cin fiye da wat 100 zuwa 150 ba, aspirater kuwa wat 1000 zuwa 1400 yake ja. Mai wat 1200 idan ya yi awa 3 ya ci kilowat-awa 3.6, a kwana 26 na aiki ya haura 90. Mai sayen wuta da kati zai ji wannan a jikinsa. A wutarmu ta bolt 220 yana jan amfiya 5 da rabi, idan firji da fanka suna aiki a ƙaramar mita, tana iya tsinkewa. Ƙaramin janareta na wat 650 ba zai ɗauke shi ba, mai sola kuma ya duba ƙarfin na'urar juya wutarsa, don lokacin tashi injin yana fizgar fiye da abin da aka rubuta. Saboda haka mai maɓallin rage gudu ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Zarton ado ba ya bukatar cikakken ƙarfi, idan ka sassauta gudu wuta ta ragu, ƙara ta ragu, gawayin cikin injin ya daɗe bai cinye ba. Wani abu kuma ga mai shiga kasuwar Katako ko Wadata neman na hannu: juya injin ka karanta tambarin bayansa. Kayan da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, ka sa shi a wutarmu sau ɗaya ya ƙone. Ka sa a kunna maka shi, ka toshe bakin tiyo da tafin hannu ka ji yadda yake kamawa, ka leƙa ta ramukan iska. Tartsatsi kaɗan ba laifi, amma idan wuta na zagayawa kamar zobe, bar shi.

Ƙara ita ce ke sa mutane su daina kunna shi. Da yawansu suna kai desibel 80 ko fiye, kuma ba wanda zai iya bin siririn layi da natsuwa wannan kuka na bayan kunnensa. Maganin da na samu bai ci kuɗi ba: na fitar da injin waje. Na huda bango daidai faɗin bututun roba na milimita 40, na girka aspirater a bayan ɗaki ƙarƙashin ƴar rumfa, bakin fitar iskarsa yana kallon katanga, nesa da madafa da igiyar shanya. Ƙara ta ragu, zafinsa bai ƙara dumama mini ɗaki ba, ɗan abin da ya kuɓuce wa matata ma waje yake tafiya. Kar bututun ya wuce mita 3 ko 4, kuma ka rage kwana-kwana, kowace kwana tana cin ƙarfi. Masu rufe injin cikin akwati don kashe ƙara su bar masa hanyar shan iska, in ba haka ba a watan Mayu zai dahu a ciki.

Akwai ƙarin da ake sawa tsakanin zarto da aspirater, wani mazurari da ke juya iska kamar guguwa, gari mai nauyi ya faɗa bokiti, iska ta wuce. Ana sayar da na roba, mai hannu kuma yana iya haɗa nasa da bokitin fenti na lita 20 da gwiwar bututu. Amfaninsa matata ta daɗe ba ta toshe ba, kuma ƴan guntayen da aka zuƙe bisa kuskure, kamar ɗigon harafi, a bokiti za ka tsince su. Sai dai yana rage tsotsa kaɗan, kuma mafi laushin garin yana wuce shi, don haka ba ya maye gurbin matata. Garin zarton ado ba shi da yawa, mai yanka na ƙarshen mako jakar ciki ta ishe shi. Mai yi kullum, ko mai goge katako da inji, shi ya kamata ya sa. Ka zaɓi bokiti mai kauri, sirara tana lotsewa idan tiyo ya toshe.

Haɗa baki biyun ba wuya. Ka raba tiyo gida biyu da mahaɗa mai siffar Y. Na ƙasa ya shiga mafitar injin, in babu mafita ka ɗaure bakin bututu kusa da inda ƙarfen ke sauka, yadda ba zai hana ka canza ƙarfe ko karkata tebur ba. Na sama ya zama siriri, milimita 15 zuwa 20, ka ɗaure shi a hannun injin, bakinsa kamar faɗin yatsu biyu daga wurin yanka. Nisa kaɗan yana kashe tsotsa sosai, a taƙi ɗaya ba ya jan komai. Ɗan zugazugin kuma ka juya shi ya riƙa hurawa zuwa bakin nan na sama, ba wajen ƙirjinka ba. Ka sa ƴar ragar sauro ta ƙarfe a bakin don guntaye. Wasu aspirater suna da soket a jiki da ke tayar da su idan ka kunna zarto. Gwada da naka zarton kafin ka biya, don wani lokaci ƙarancin wutar da yake ci ba ya isa ya tayar da su. Maɓallin ƙafa da ke kunna duka biyun ya fi sauƙi, kuma yana hana injin yin aikin banza lokacin da kake zura ƙarfe a sabon rami.

Wanda ba shi da halin aspirater yanzu, ya fitar da zarton ƙarƙashin rumfa, ya sa fanka a gefe tana kora ƙura gaba, iska ta fito daga bayansa ko gefensa. Fankar sama ba ta da amfani a nan, juya ƙurar kawai take yi. Lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, a zauna yadda za ta taimaka, kuma a duba kada ta kai garin inda yara ke wasa.

Takunkumi kuwa ko da aspirater ana sawa, musamman ranar MDF da ranar zazzage matata. Na likita mai shuɗi da naɗa rawani a hanci ba sa tsare wannan garin. Nemi mai rubutun FFP2, wanda ke tsare kashi 94, ko FFP3 mai 99. A cikin zafinmu mai ƴar ƙofar fitar da numfashi ya fi daɗin sawa. Mai gemu ya sani cewa takunkumi ba ya mannewa da kyau a kan gashi, iska tana bi ta gefe, don haka shi ya fi kowa bukatar bakin zuƙa na sama.

Garin da ka tara, idan na MDF ne ko na katako mai gam da fenti, kada a ba mata su hura wuta da shi, kada a shimfiɗa wa kaji. A ɗaure a leda a zubar. Ɗaki kuma a yayyafa ruwa kafin shara, kuma kada a zuƙi tartsatsin wasa ƙarfe da injin da ke cike da garin katako.

Idan ka gama haɗawa, jira dare. Kashe fitilar ɗaki, ka ajiye tocila mai ƙarfi a gefen tebur haskenta ya ratsa ta saman wurin yanka, ka yanka ɗan katako aspirater a kashe. Za ka ga hayaƙin gari yana tashi zuwa fuskarka, wanda da rana ba ka ganinsa. Kunna aspirater ka sake yanka, kana matsar da bakin sama kaɗan-kaɗan har ka ga hayaƙin ya karkata ya shige ciki. A nan za ka ɗaure shi.