Lambobin 'yan mazan jiya: wacce za ka saya, wacce za ka bari a hannun masu ita

Wanda ya yi ƙuruciya a Garwa ko Marwa ko Njamena zai tuna tsofaffin nan da ke fitowa ranar bikin gwamnati da jar dara a ka, lambobi jere a ƙirji, suna takawa a hankali amma kafaɗa a miƙe. Ansiyan muke ce musu a unguwa. Yau kusan dukkansu sun kwanta dama, kayansu kuma sun fara fitowa: a tiren ɗan koli, a buhun 'yan gwangwan, a hannun jikan da ke neman kuɗin makaranta. Na daɗe ina bin waɗannan kaya, kuma tambayar da samari masu sha'awa suka fi yi mini ita ce, da kuɗi kaɗan a hannu, me ya kamata mutum ya fara saye?

Amsata ta dogara ga abin da kake nema. In ƙarfe mai kyau kake so ka rataya a bango, zaɓi yana da yawa. In kuwa mutumin da ya ɗaura lambar kake nema, ka san sunansa da garinsu da inda ya taka, to lissafin ya canza gaba ɗaya, domin yawancin lambobin da ke yawo a ƙasashen nan bebaye ne.

Mu fara da na Faransa, tunda su suka fi yawa a wajenmu. Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce Croix de guerre, gicciyen tagulla mai takubba biyu a gilme. Ta yaƙin farko ƙyallenta kore ne mai siraran layuka ja, ta yaƙin Hitila kuwa ja ne mai layuka kore. Akwai ta uku, ta yaƙe-yaƙen waje irin na Indoshin, mai shuɗi-shuɗi a tsakiya da ja a gefe. Juya bayan biyun farko za ka ga shekaru, amma a dukkansu ba za ka ga suna ba. Ɗan tauraro ko reshen dabino da ke manne a ƙyallen shi ke nuna an ambaci sojan da wata bajinta: tauraron tagulla a ƙaramin mataki, na azurfa sama da shi, reshen dabino kuwa a matakin runduna gaba ɗaya. Sai Médaille militaire, wadda aka kafa a 1852, mai ƙyalle rawaya da kore a gefe. Ita ce tsofaffin sarjan da ajidan suka fi alfahari da ita. Tsohon samfurinta yana ɗauke da 1870 a fuska, kuma na sha jin dillali yana rantsuwa cewa shekarar da aka ba da ita ke nan. Ba haka ba ne. Shekarar kafa jamhuriya ta uku ce a Faransa, an kuma ci gaba da buga lambar da wannan shekara har bayan yaƙin duniya na biyu.

Abin da ya sa ba na ba da shawarar zuba kuɗi mai yawa a kan waɗannan in sun zo su kaɗai shi ne tsarin Faransa kansa. A wajensu takardar shaida ita ce girmamawar, ƙarfen kuwa ana iya sayensa a kanti, kuma har gobe ana buga sababbi. Saboda haka lamba tana iya zama ta gaske, ba jabu ba, amma ba ta taɓa hawa ƙirjin kowa ba. Ka saye ta da araha don ka koyi nauyinta da kamanninta, wannan ya yi. Fiye da haka sayen kifi a ruwa ne.

Akwai guda ɗaya a cikinsu da ta fi taɓa zuciyar mutumin Cadi da Kamaru, ita ce Médaille coloniale ta 1893, mai ƙyalle shuɗi da fari. Darajarta tana ga 'yan sandunan ƙarfe da ake saƙalawa a ƙyallen, kowanne da sunan wuri: Tchad, Koufra, Fezzan, Bir Hakeim. Waɗannan sunaye tarihinmu ne. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan De Gaulle, janar ɗin Faransa da ya ƙi miƙa wuya ga Hitila, washegari Kamaru ta bi. Daga Cadi Leclerc, hafsan De Gaulle, ya keta Sahara da mutum wajen 400, mafi yawansu baƙaƙen fata, da igwa guda ɗaya, ya karɓi Kufra, a kudancin Libiya, daga hannun Italiyawa ranar 1 ga Maris 1941. A can suka yi rantsuwar ba za su ajiye makami ba sai tutarsu ta tashi a Strasbourg, garin Faransa da ke hannun Jamusawa a lokacin. Ta tashi a Nuwamba 1944, amma kafin nan, tun 1943, an riga an zare tirayar, wato baƙaƙen sojojin Afirka, daga rundunar da ta shiga garin. Duk lokacin da na riƙe sandan Koufra a tafin hannu, wannan zarewar ce ke zuwa mini a rai.

Kuma saboda kowa na son wannan suna, shi aka fi yi wa jabu. Ni ma an taɓa sayar mini da irinsa a wata kasuwa, da labari mai daɗi cewa daga gidan wani sarjan ya fito. Sai da wani dattijo da ya daɗe a harkar ya karɓa, ya bi gefen sandan da farce, ya nuna mini wani siririn layi inda bangarori biyu na mazubi suka haɗu. Ya kanga shi a rana, sai ga 'yan ramuka kamar ƙuraje a tsakanin haruffan. Zubi ne, irin wanda duk maƙerin tagulla mai hannu zai iya yi da kakin zuma. Lambar gaske bugawa ake yi da inji, haruffanta tsaf suke da kaifi, bayan fagen kuma sumul. Tun ranar ba na fita sai da gilashin ƙara girma da ɗan maganaɗisu a aljihu, don tagulla da azurfa ba sa kama shi. Ina kuma duba ƙananan tambarin maƙera, kamar ƙahon nan mai zubo da albarka na gidan buga kuɗi na Faris. Ƙyalle sabo a kan tsohon ƙarfe ba laifi ba ne, tsofaffi kan canza shi in ya koɗe. Tsohon ƙyalle mai datti a kan ƙarfe mai sheƙi shi ne abin tsoro.

Zaɓi na biyu shi ne lambobin Ingila, waɗanda ke tsallako mana daga wajen Yola da Mubi da Maiduguri, tunda dangi ɗaya ne iyaka ta raba. A nan sai ka rarrabe yaƙi biyu. Na yaƙin farko sun fi komai amfani ga mai bincike, domin Turawan Ingila sun buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a jikin kowace lamba: a gefen zagayayyu, a bayan tauraron 1914-15. Sojojin Najeriya kuwa a Kamaru suka fara wannan yaƙi. Sun kai wa Jamusawa hari a Garwa a Agusta 1914 aka kore su, suka dawo tare da dakarun Faransa garin ya faɗi a Yuni 1915. Kyaftin von Raben na Jamus ya riƙe dutsen Mora har Fabrairu 1916, shi ne na ƙarshe da ya miƙa wuya a Kamaru. Lamba mai suna daga wannan zamani, ko ta sha duka, ko ƙyallenta ya ɓace, ta fi mini lambar Faransa biyar marasa takarda, saboda rajistar waɗanda aka ba tana ajiye a taskar tarihin Ingila da ke Kew, kana iya gwada lambar sojan da ita. Ka dai kula da gefen. In ya fi siriri a wani wuri, ko haruffan ba su daidaita ba, an goge tsohon suna ne an sa wani. Ka kuma sani sunan da aka rubuta sau da yawa sunan bariki ne, wato sunan yanka haɗe da sunan gari, ba sunan uba ba.

Na yaƙin Bama kuwa, irin tauraron da ke da rubutun Burma Star, an raba su ba suna. Matsalarsu ɗaya da ta Faransa.

Kayan Jamus zan wuce su da sauri. Kaɗan ne na gaske, kuɗinsu ya yi yawa, kuma duk abin da aka ce an tono daga dutsen Mora ni ba na taɓawa. Haka harsashi da gurneti da kan roka, komai tsatsarsu. Arewacin Cadi har yanzu yana fama da nakiyoyi da ragowar makaman yaƙe-yaƙen baya, tsohon abu yana tashi bayan shekaru da yawa. Ban da haka, a halin tsaron da yankinmu ke ciki, mutumin da aka samu da kakin soja ko banati a jaka a shingen bincike ya jawo wa kansa bayanin da ba zai ƙare a rana ɗaya ba.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da mutane ke rainawa. Ɗaya bajon runduna ne, wanda galibi ke ɗauke da angar jirgin ruwa, alamar sojojin mulkin mallaka na Faransa. A bayansa akan ga sunan maƙera irin Drago ko Arthus-Bertrand, ya kuma gaya maka runduna amma ba mutum ba. Ɗayan shi ne farantin shaida, ɗan ƙarfen da soja ke ɗaurawa a hannu ko a wuya, mai layin karyawa a tsakiya. Ba shi da kyau ko kaɗan, masu sayarwa kan jefa shi gyara. Amma suna yana kai, da shekarar ɗauka, da ofishin ɗauka, da matirikil, wato lambar rajistar sojan. In ka gan shi a tire tare da gicciye mai sheƙi kuma kuɗinka na ɗaya ne, ɗauki farantin.

Sama da su duka akwai takarda, musamman littafin soja, wanda Faransawa ke kira livret, da katin tsohon mayaƙi, da takardun shaidar lambobi. Shekarun baya wani maƙwabcina ya kai ni wajen mahaifiyarsa don in duba kayan babansa, yana tunanin sayarwa. Tsohuwar ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani tsohon kallabi. Lambobi uku ne a ciki, ƙyallayensu sun koma launin ƙasa. A ƙarƙashinsu ga littafin, gara ta ɗan ci kusurwarsa, yana ƙanshin turaren wuta. A shafin farko an rubuta sunan uba da na uwa, da kanton, da tsagen fuska, a wajen haihuwa kuma aka sa né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza. Shafukan ciki suna bin sa tasha-tasha: ranar ɗauka, ranar hawa jirgin ruwa, ranar sauka, ranar sallama. Na ce, "Inna, wannan littafin ya fi lambobin nan uku daraja, kada ya bar ɗakin nan." Ta ce, "Ɗana, shi ma haka ya ce. Ya ce ko gobara ta tashi, shi za a fara fitarwa." Ban sayi komai ba ranar. Na ɗauki hoton kowane shafi da waya, na karanta wa ɗanta abin da aka rubuta a kan babansa, wanda bai taɓa ji ba.

Wannan ya kawo ni ga inda za a saya. Kasuwa ta fi araha, amma ta riga ta raba ƙarfe da labarinsa, kuma labarin da dillali zai ba ka nasa ne. Intanet tana da amfani wajen gwada hotuna da sanin farashin Turai, sai dai in ka juya yuro zuwa sefa a kan 655 da 'yan kai, ka ƙara kuɗin aike da na kwastan, lamba ta gama-gari takan zo maka da tsadar da ba ta kai ba. Gidan mai ita shi ne kaɗai inda lamba da takarda da hoto da baki mai ba da labari ke haɗuwa wuri ɗaya. Shi ne kuma inda ya fi sauƙi ka cuci mutane ba tare da ka yi niyya ba. Dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka a kan kuɗin lokacin, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai daga 2011, kuma sai wanda ya nema ake gyara wa. Matar da soja ya bari tana iya samun haƙƙi, takardun nan su ne hujjarta. Kafin ka yi tayin ko sisi, ka tambaya ko an gama da wannan magana a ofishin tsofaffin sojoji. In iyali sun tsaya a kan sayarwa, ka saya gaba ɗaya, kada ka yarda a tsinka kayan mutum ɗaya gida uku, ka kuma bar musu kwafin komai.

Da matirikil da shekarar ɗauka da ofishin ɗauka a hannu, bincike yana da ƙofofi. Cibiyar da ke Pau a Faransa tana riƙe da fayilolin aikin sojoji, har da na ƙasashen da aka mallaka, kuma ta fi saurin amsa wa magada. Taskar ma'aikatar tsaro a Vincennes tana da fayilolin waɗanda suka bi De Gaulle, reshenta na Caen kuma na waɗanda suka mutu ko aka kama fursuna. Shafin intanet na wannan ma'aikata, Mémoire des hommes, kyauta ne, da waya ma ana shiga. Sai dai ka yi haƙuri da rubutun suna, domin magatakardan bariki da kunne yake rubutawa. Mahamat zai iya zama Mamat ko Mamadou, Usman ya zama Ousmane ko Ousman, Garba ya koma Garuba a wajen Ingila. Ka gwada duka, ka riƙe lambar soja a matsayin igiya.

Ga mai farawa, ni jerin da nake bi ke nan: littafin soja ko farantin shaida, sai lambar Ingila mai suna, sai bajon runduna, lambar Faransa marar takarda a ƙarshe. Abin da ka saya kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, duhun da ke jikinsa shekarunsa ne, gogewa kuma tana cinye haruffa. Takarda ka shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara da damina, kada ka kai ta a manne mata leda da inji. Kowane abu ka ɗaura masa 'yar takarda da zare, ka rubuta da fensir daga hannun wa ya fito, a wane gari, a wace rana, da duk abin da aka faɗa maka a kan mai shi.