Abin da Ya Kamata a Duba Kafin Sayen Kayan Lambun Gida a Makka da Jidda

Duk wanda ya zauna a Makka ko Jidda ya san cewa fili a cikin gida yana da wuyar samu, shi ya sa yawancinmu muka dogara da saman bene ko baranda idan muna son mu tsinki kuɓewa da yakuwa da hannunmu. Abin da na daɗe da lura da shi shi ne, sabon mai lambu yakan zuba kuɗinsa a kan iri mai tsada, ya yi sakaci da mazubi da ƙasa, alhali a garin da zafinsa ke haura digiri 40 da bazara waɗannan biyun ne ke raya shuka ko su kashe ta.

Tukunyar roba baƙa ita ce mafi araha a mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, amma ban ba kowa shawarar ya ɗora ta a saman bene ba. Shekarar da na fara, goma sha biyu na saya, kuma a watan Mayu na taɓa jikin ɗaya da azahar sai da na janye hannuna. Da na tuge tumatirin da ke ciki, saiwar da ke manne da robar duk ta yi baƙi ta mutu. Tukunyar yumɓu tana sanyaya ƙasa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, sai dai tana da nauyi da tsada, kuma ruwa ba ya daɗewa a cikinta. Wanda na fi gamsuwa da shi shi ne farin akwatin kumfa da ake zubo kayan lambu a ciki a kasuwa, domin ba ya ɗaukar zafi, ba shi da nauyi, kuma kusan kyauta ake samunsa. A huhhuda ƙasansa ruwa ya riƙa fita. Tumatir da kuɓewa suna bukatar zurfin da ya kai santimita 30, jirjir (wani ganyen salak) da alayyafo kuwa rabin haka ya ishe su.

Ƙasa iri biyu ake sayarwa. Jar ƙasa ta buhu tana da araha amma takan daskare ta hana saiwa numfashi, bitmos kuma, wato ƙasa mai laushi ta ruɓaɓɓen tsiro, yana riƙe danshi, sai dai idan ya bushe sarai ruwa yakan zurara ta gefensa bai jiƙa ba. Gara a sayi duka biyun a cakuɗa, a ƙara takin tumaki wanda ya ruɓe ya daina wari, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Batun iri da dashe ya danganta da abin da za a shuka. Tumatir, barkono da gauta sun fi sauƙi idan an sayi dashensu a watan Oktoba, lokacin da iska ta fara sanyi, saboda tumatir yakan zubar da furensa muddin zafin rana ya wuce digiri 35. A zaɓi dashe gajere mai kauri, a kuma juya ganyen a duba ko akwai farin ƙwaro. Kuɓewa, lalo, rama da yakuwa kai tsaye ake shuka su, kuma zafi bai cika damunsu ba. Irin fakiti mai alamar F1, wato irin da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, yana ba da yabanya mai kyau, amma 'ya'yansa ba sa maimaita halin uwa idan an ajiye su, saɓanin irin gida da ake samu wajen iyayenmu mata masu sayar da kayan miya.

Wanda tukwanensa ba su wuce goma ba, ban ruwa da hannu safe da yamma ya wadatar masa; mai yawan tafiya ne ya kamata ya sayi tiyon ɗigo mai agogo. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya dace da ban ruwa domin ba shi da gishiri, kuma a Jidda mai yawan danshi yakan tara bokiti guda cikin sauƙi. Ragar inuwa mai tare rabin hasken rana kuwa ba ta cikin abin da za a yi wa rowa.

Kuɓewa takan fara bayarwa bayan wata biyu, kuma a riƙa tsinkar ta duk bayan kwana biyu tun tana tsawon ɗan yatsa, kafin ta yi ƙarfi ta ƙi yauƙi a miya.