Sitikar farcen ƙafa: sau uku na yi a salun, ga abin da na gani

Kwana huɗu kacal sitikar ta yi a ƙafata karon farko. Ranar ta biyar da safe ina cire safa sai ga ta babban yatsan dama ta biyo safar, ta naɗe kamar busasshen ganye. Kafin mako ya zagayo uku sun tafi, sauran bakwai kuma duk sun ɗaga baki, suna kama zaren bargo da dare. Na yi ta zagin sitikar da kamfanin da ya yi ta, na ce kayan banza ne. Ashe na ɗora wa mara laifi laifi.

Ga wadda ba ta taɓa yi ba, sitikar farce wata siririyar leda ce mai zane da ake mannawa a kan farce maimakon a shafa jan farce. Akwai wadda ake ɗumamawa kafin a manna don ta yi laushi, akwai wadda jan farce ne da kansa aka busar aka yanka daidai farce, akwai kuma ta jel wadda ba a gama busar da ita ba, sai an manna a sa ƙafa cikin fitilar UV ko LED kamar daƙiƙa 60 sannan ta yi tauri. Ta jel ɗin na yi duka sau ukun. Abin da ya ja ni gare ta shi ne zanen yana fitowa tsaf, babu kuskuren hannu, kuma babu zaman jiran bushewa kina ta kaffa-kaffa da yatsu.

A karon farko an yi mini gyaran ƙafa irin wanda kowa ya sani. Aka jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da kumfa wajen minti ashirin, aka goge kaushi, aka murza mini mai har ƙauri, na ji daɗi har gyangyaɗi ya ɗauke ni. Daga nan aka share faratan da tawul aka hau manna sitika. Na fito ina yaba aiki.

Wadda ta yi mini na biyu, a wani salun daban, ita ta buɗe mini ido. Da na ba ta labari sai ta yi dariya ta ce, "Anti, ai tun a cikin ruwan nan aka kashe ta." Ta ce farce yana shan ruwa fiye da yadda muke zato. In ya jiƙu sai ya ɗan kumbura, ya ɗan baje. Idan aka manna masa sitika a wannan hali, bayan 'yan awanni zai bushe ya koma yadda yake, ita kuwa sitikar da ta riga ta yi tauri ba za ta bi shi ba, sai gefenta ya saki. Sannan ga mai. Gam da maiƙo ba sa ga maciji da juna, kuma tawul ba ya ɗauke mai daga kan farce, shimfiɗa shi kawai yake yi. Wato abubuwa biyun da suka fi daɗi a gyaran ƙafa, jiƙo da murza, su ne suka ci amanar sitikata.

Ita ba ta sa ƙafata a ruwa ba sam kafin mannawa. A bushe ta yi aikin faratan, ta ce kaushi da mai su jira sai ƙarshe. Gaskiya da farko na ji kamar an rage mini wani abu, don zaman ruwan ɗumin nan shi ne rabin abin da ke kai ni salun.

Inda ta fi daɗewa shi ne gindin farce. Ni a sanina fatar da ake gani ce kawai ake turawa baya. Sai ta nuna mini wata siririyar matacciyar fata, fara-fara, da ke manne a kan farcen kansa, wadda ido ba ya kula da ita sai an kankare ta ta taso kamar ƙura. Ta ce duk sitikar da ta hau kan wannan fatar, ba a kan farce take zaune ba, a kan abin da zai fita da kansa take zaune. Ta tura a hankali da ɗan tsinken katako, ba ta yanka komai mai rai ba. Wannan ya burge ni, don fatar gindin farce ita ke hana ƙwayoyin cuta shiga, kuma yanka ta a ƙafa ganganci ne, musamman ga mai ciwon suga da rauni ba ya saurin warkewa a ƙafarta. Bayan haka ta goge saman farcen sama-sama, iya dai sheƙin ya gushe, ta kaɗe ƙurar, ta goge da sifirit. Daga nan ba ta sake taɓa saman farcen da yatsanta ba, ni ma ta hana ni.

Sai zaɓen girma. Ta farko ta zaɓar mini manya don su rufe farcen kaf, har suna hawa fata a gefe. Wannan kuwa ƙanana ta ɗauka, ta bar ɗan tazara kamar milimita ɗaya tsakanin sitika da fata ta kowane ɓangare. Na ce mata ba zai yi muni ba? Ta ce, "Anti, miƙe tsaye ki duba daga sama." Ban ga komai ba. Fata tana motsi, tana gumi, tana fitar da maiƙo, don haka duk inda sitika ta hau fata nan ne ƙofar da ruwa zai shiga. Akwai ma wani dalili da ya fi wannan nauyi: jel da bai gama bushewa ba in yana yawan taɓa fata yana iya jawo ƙaiƙayi da borin jini, kuma wanda jikinsa ya kamu da wannan ba kasafai yake rabuwa da shi ba.

Babban yatsa shi ne mai gardama saboda farcensa a lanƙwashe yake. Daga tsakiya ta fara dannawa, ta bi zuwa gefe, tana ɗan jan sitikar don kada ta yi tattara. Tattara guda ɗaya, in ji ta, rami ne. Abin da ya yi saura a bakin farce ta lanƙwasa shi ƙasa ta goge, hannunta na tafiya ƙasa kawai, ba ta zirga-zirga gaba da baya. Bayan fitila ta shafa jel ɗin sama, ta bi da burushin ta bakin farcen ta rufe shi, aka sake komawa fitila. Sai a lokacin ta waiwayi dunduniya da mai. Ta ce kada in yi wanka da ruwan zafi ko in jiƙa ƙafar sai gobe.

Mako biyar sitikar ta yi. Da na je cirewa takwas na nan daram, kuma ba ta yi tazara mai muni a gindi ba, don farcen ƙafa ba ya sauri. Kusan milimita ɗaya da rabi yake yi a wata, ƙasa da rabin abin da na hannu ke yi. Shi ya sa nake ganin sitika ta fi dacewa da ƙafa fiye da hannu, in dai an yi ta daidai.

Karo na uku ma ita ce dai ta yi mini, amma mako biyu da 'yan kwanaki na babban yatsa suka ɗaga. Wannan kam laifina ne. Na yi ta yawo da wani sau-ciki mai tsukakken baki, yatsa na dukan gaban takalmi a kowane taku, ga gumi. Kuma na ƙi a rage mini tsayin farcen don ina son zanen ya fito sosai. Farcen da ya wuce bakin yatsa shi ke karɓar duka kafin komai. Babu gwanintar da za ta kare sitika daga wannan.

Da ta ɗaga na yi niyyar ɗiga mata gam in danne, sai na tuna gargaɗin da mai aikin ta yi mini. Ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashin wurin da ya ɗaga, a rufe shi kuwa an gina wa ƙwayoyin cuta ɗaki, har farce ya yi wani kore-kore da ba ya fita sai ya tsiro ya wuce. Farcen babban yatsa kuma yana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya sabunta gaba ɗaya. Na haƙura na cire. Cirewar ma ba fizga ake yi ba, don fizga tana tafiya da saman farce ta bar shi da fararen tabo. Mai ake ɗigawa a gefe, a bi da tsinken katako kaɗan-kaɗan har ta saki.

Shin zan sake yi? Zan yi, amma yanzu kafin in zauna sai na tambayi mai aikin: jiƙo kafin sitika ne ko bayanta? In ta ce kafin, sai in ce ta shafa mini jan farce kawai. Abin da har yanzu ban samu yadda nake so ba shi ne ƙaramin yatsa. Biyun da suka faɗi a karo na biyu nasa ne, dama da hagu. Farcen nawa bai kai girman ƙwayar ido ba, gam bai da wurin kamawa, kuma shi ke gogar takalmi. Mun yanke shawara ni da ita: takwas a manna musu sitika, biyun nan a nemi jel mai launin da ya yi kusa a shafa musu. Har yau babu wanda ya sunkuya ya gano.