Na biya an zaga da ni Njamena a ƙafa

Shekara 14 ke nan ina ƙetare gadar Ngeli daga Kusuri ta Kamaru zuwa Njamena, babban birnin Cadi, wani makon sau biyu, wani makon sau uku. Atamfa da shadda nake kai wa abokan ciniki a babbar kasuwa, in karɓi kuɗina, in yi azahar a masallacin Sarki Faisal, in kama hanyar gida. A watan Janairu ɗan wana ya zo mana hutu daga Garwa, na shiga gari da shi, sai ya dinga jero mini tambaya: "Baffa, me ya sa ake ce wa unguwar nan Ardeb Jumal? Baffa, wancan ginin na zamanin wa ne?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai. Shi ne ya lalubo wani saurayi a Facebook mai zagawa da baƙi cikin gari a ƙafa, ya ce mu gwada.

Mun yi ciniki a kan sefa 15,000 mu biyu, daga bakwai na safe zuwa azahar. Tallarsa ta yi alkawarin abu huɗu: tsofaffin unguwanni, zanen bango, wuraren shan iska, da ƙauyen Gawi. Muka kwana gidan wani abokin cinikina don mu yi sammako. Yaron ya riga mu isa inda muka yi da shi. Ɗalibin tarihi ne a jami'a, mahaifiyarsa Bahaushiya, yana jin Hausa da Larabcin Cadi da Faransanci. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya dubi ƙafata ya ce, "Baba, takalmin nan zai kai mu?" Ya kai mu, amma da zan sake, sai na sa wanda ya fi shi laushi.

Inda ya fi burge ni shi ne sunayen unguwanni. Ina jin Larabcin kasuwa, kullum ina furta sunayen nan ga direbobi, amma ban taɓa tsayawa na saurari abin da bakina ke faɗa ba. Ardeb Jumal, tsamiyar raƙuma. Jambal Bahar, gefen kogi. Ambasatna, mun ji daɗi. Marjan Daffak, murjani ya zube. Shi kansa sunan garin, ya ce daga kalmar hutawa ya fito, kamar matafiya su sauke kaya su ce mun huta. Ba ya faɗin suna sai mun shiga lungun unguwar muna taka ƙasarta, muna wuce mata masu tuyar ƙosai da almajirai masu wanke allo. A mota da an faɗa maka, da ka wuce, shi ke nan. A ƙafa kuwa sunan yana manne wa wurin.

Da muka gangara bakin kogin Shari ya nuna mana hayi, ya ce ga garinku can. A nan ya ba mu labarin da nake ji gutsi-gutsi tun ina yaro. Ran 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri tsakanin Rabe da sojojin Faransa, aka kashe Rabe, shi ma kwamandan Faransawan, Lami, bai kwana ba. Bayan 'yan makonni Turawa suka kafa sansani a wannan gaɓa suka sa masa sunan mamacin, Fort-Lamy. Sunan ya zauna har 1973, lokacin da shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Ina jin haka sai kakana ya faɗo mini. Shi Fallomi yake cewa har ya rasu, domin ta nan ya bi da ƙafa zuwa aikin hajji, ya nufi Abeshe, ya shiga Sudan. Na gaya wa yaron, ya tsaya ya saurara har na gama, ya ciro ɗan littafi ya rubuta. Wannan halin ya sa na yarda da shi. Mai zagawa da mutane da bai iya yin shiru ba ba zai san garinsa ba.

Zanen bango na cikin gari ba irin wanda ɗan wana yake gani a waya ba ne, manya-manyan hotuna a jikin benaye. Yawancinsa na masu shaguna ne: kawunan samari da salon aski iri-iri a ƙofar mai aski, raƙumi tsaye a bangon mai gasa nama, ƙaton kifi a gidan abinci, keken ɗinki da almakashi, da rubutu Larabci a sama Faransanci a ƙasa. Ya kai mu rumfar wani dattijo mai wannan sana'a, muka same shi yana fidda idon rago da ɗan siririn buroshi. Dattijon ya ce aiki ya ja baya, kowa ya koma buga talla a leda da inji. Na ji zafin maganar, domin ni ma allon shagona na leda ne, rana ta cinye shi cikin shekara biyu, ga na fenti a maƙwabta yana nan tun kafin in kama shagon.

Dandalin Ƙasa, wanda aka gina don bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, mun ratsa shi ne kawai. Fili ne mai faɗi da doguwar ƙofa, yana kallon fadar shugaban ƙasa. Tun daga nesa yaron ya ce mu mayar da waya aljihu, ba a ɗaukar hoto a wajen, kuma ya kyauta da ya faɗa da wuri. Amma bayaninsa a nan hadda ce, muryarsa ma ta sauya.

Batun wuraren shan iska kuwa, gara ya cire shi daga talla. Abin da ya nuna mana ɗan shingen fulawa ne a tsakiyar shataletale, ba benci, ba inuwa. Hutun da muka yi na gaske a gindin darbejiya ne wajen wani mai shayi, muka zauna a tabarma, na sha shayi, ɗan wana ya sha karkanji mai sanyi, wato zoborodo. Da ya ce zai kai mu inuwar da mutanen gari ke zama, da ya faɗi gaskiya, kuma da ba wanda zai ji an rage masa komai.

Sai Gawi. Tana wajen gari, tafiyar kamar kilomita 10, don haka dole a hau mota, kuma sai a bakin titi na ji cewa kuɗin motar ba ya cikin cinikinmu. Na biya, amma ba haka ake yi ba. Da muka isa na manta da ɓacin ran. Ƙauyen ƙabilar Kotoko ne, gidajen ƙasa, bango bayan bango an yi masa ado: kifaye, tsuntsaye, shanu, mata ɗauke da tulu, da zane mai kusurwa-kusurwa kamar na bakin tabarma. Tsohon gidan sarki an mai da shi gidan tarihi, a ciki akwai kayan mutanen Sawo, waɗanda Kotoko ke cewa su ne kakanninsu, har da manyan randunan da suke binne mamatansu a ciki. Mata ne ke ginin tukwane a garin, su ne kuma ke zanen. Ga tukwane jere a rana suna jiran gashi, ga yara suna bin mu.

A nan ne yaron ya yi kuskuren da ya fi damuna. Mun iso rana ta take, yana ta duban agogo, yana bayani a kan matan alhali ga su zaune a gabanmu. Na bar shi na durƙusa wajen wata tsohuwa mai shafe bakin tulu da tsumma, na gaishe ta da Larabci, na ce, "Iya, wa ya koya miki?" Ta ce uwarta, ita ma uwarta. Ta nuna bangon bayanta ta ce damina tana wanke shi, in ruwa ya ɗauke su sake. Na tambaye ta ko ba ta gajiya da zanen da ta san ba zai daɗe ba. Ta ce ai gida ma kullum ake share shi. Minti biyar na yi da ita aka ce mota na jira. Duk yinin nan ba inda na so in daɗe kamar gaban tsohuwar nan, kuma nan ne aka fi gaggauta ni.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba, kuma zan tura masa duk wanda ya tambaye ni. Sai dai a yi magana a gama tun farko: kuɗin mota na wa, ruwan sha na wa. A riƙe takardun shaida a jiki. A je da hunturu, kada a gwada daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Gawi kuma a ware mata safiyarta daban, kada a liƙa ta a wutsiyar tafiya.

Na faɗa masa duk wannan a motar dawowa. Bai yi musu ba, ya ce, "Baba, gaskiya ne, ina tsoron kada ku gaji ne." Na ce ɗana, gajiyar ai ita muka biya. Tulun da na saya wajen tsohuwar yana tsakar gidana, ruwansa da sanyi, kuma maiɗakina ta ce bayan salla sai na kai ta ta ga hannun da ya gina shi. Na riga na kira yaron, mun yi da shi ƙarfe bakwai a Gawi.